Uwar Ƙulluna a Ɗakin Saratu

Nafisa ɗiyar ƙanena ce ta jawo wagga magana. Ta shigo da ƙawayenta biyu ina tsaka da kankare tanda, ta turo min waya har tana neman tsone min ido.

"Gwaggo Hassi, dubi abin da Turawa sunka ƙirƙiro."

Na duba. Wata Baturiya ce da kwalba. Ta zuba gari, ta zuba ruwa, ta rufe da ƙyalle, sai ga ta tana tsalle wai abin ya yi kumfa. Nafisa ta ce har suna ta raɗa wa kwalbar.

Na ce, "Allah sarki. Sai yanzu labarin ya kai musu?"

Ashe ba kallo ya kawo su ba. Masa suke son su fara saidawa a bakin makarantarsu, kuma tun a hanya sun gama shiri: a niƙa shinkafa, a barbaɗa yis na leda, a soya, shi ke nan. Ɗayar, wata doguwa mai gilashi, ta ce, "Ai masa ba ta da wuya, Inna." Na ce, "Cin ta ba wuya, ɗiyata. Jawo tabarma." Abin da na gaya musu ke nan, ku ma ku ji.

Abin nan da Baturiya take reno a kwalba, mu uwa muke ce masa. Uwar ƙullu. Ragowar ƙullun jiya ce da ake bari a gindin tukunya, a ciyar da ita, ita kuma ta tayar da na gobe. Ba zagin yis nake ba, kada ku kai ni gaba. Yis yana tayar da ƙullu, kuma da sauri. Ɗan kabu-kabu ne, zai kai ka inda za ka, amma ba zai tambaye ka mutanen gida ba. Uwa kuwa ita ke ba masa ɗan tsamin nan da ke tsayawa a bayan harshe, ita ke sa ta wuni a kwano ba ta zama takalmi ba.

Shinshina tukunya shi ne aikina na farko a wagga sana'a. A Shanga na tashi, hannun Gwaggo Tumba, yayar babana, mai masar ranar kasuwa. Damina guda ba ta bar ni na taɓa tanda ba. Da safe sai ta ce, "Hassi, je ki gaida uwa." In je in ɗaga faifai, in kai hanci, in dawo. "Mi ta ce?" In na ce ba ta ce komai ba, sai ranƙwashi. A hankali hancina ya koyi yarenta. In ta yi ƙamshin nono mai kyau, da 'yan idanu ƙanana a samanta, lafiya take. In ruwa ya kwanta a kanta, warin ya yi kaifi har yana hawa ido, yunwa take ji. Sai a tsiyaye ruwan, a ba kaji rabinta, a ƙara mata sabon gari da ruwa mai ɗumin wankan jariri. In kuwa kin ga fumfuna, ja ko baƙa, kada ki tsaya gardama. Ki zubar, ki yi haƙuri.

Tayar da sabuwa ma ba sihiri ba ne. Ki jiƙa farar shinkafa, ki kai inji, ki dama da ruwan da anka jiƙa gero, ki zuba a tukunyar ƙasa ki rufe da faifai. Faifai fa, don tana numfashi. Kwanakin farko za ta yi wari kamar zanen da anka manta a bokiti. Nan ne 'yan zamani ke zubarwa su ce ta lalace. Ba ta lalace ba, ƙuruciya ce. Ki ci gaba da rage rabi kina ba ta sabo har warin ya koma ƙamshi. Da bazara tana saurin girma, ga ta da ci. Lokacin sanyi sai kin naɗe ta da tsohon zane kin aje kusa da murhu, kina lallashi kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Sabulu kuwa kada ya kusanci tukunyarta. Ludayinta na duma ne, nata ita kaɗai, ba ya shiga miya.

Ana gobe za a yi masa, ana ɗibar uwa a zuba a sabon ƙullu tare da ɗan dafaffen tuwon shinkafa, a bar shi ya kwana. Da safe ki tarar ya cika tukunya yana ƙosawa. Ki kashe kaifin tsamin da ruwan kanwa, kaɗan, in kinka cika ta, masarki ta yi kore ta yi warin sabulu. Gishiri, sukari, albasa. Sannan tanda, wadda ita ma in sabuwa ce sai kin sha wahalar shafe ta da man gyaɗa kina gasawa kafin ta daina riƙe miki masa kamar kun yi faɗa. Kafin duk wannan fa, ki cire ta gobe ki aje. Wadda ta manta ta soye ƙullunta duka, ta soye sana'arta.

Da anka yi min aure, Gwaggo Tumba ta ɗibar min uwa a 'yar tukunya ta sa cikin kayan ɗakina. Maigidana Malam Isa jirgin inji yake ja, yana kwasar albasa daga gungu, tsibiran tsakiyar ruwa, zuwa kasuwanni, ni kuma na ce ba zan zauna Yelwa ina kallon bango ba. Inda jirgi ya tsaya, nan nake kafa tanda. Wara, Malale, sama har Lolo da Malanbil, daga baya har motar busasshen kifi na bi zuwa Anaca. Ko'ina da 'yar tukunyata a cinya.

Wata tafiya Wara, da tsakiyar bazara, Malam Isa ya ga igiyar ruwa na kaɗa tukunyar, tausayi ya kama shi. Ina can ina cinikin itace ya juye uwa cikin jarka, ya sa tsumma a murfin, ya murɗa da dukkan ƙarfin da Allah ya ba shi. Bai gaya min ba, kyauta ce ya yi min. Munka kama hanya rana na dukan jarka. Kusa da ita wani Alhaji ne zaune, farar babbar riga fes, ɗaurin aure za shi. Can sai ya ce, "Direba, jarkar nan fa kumbura take." Malam Isa ya ce, "Haka ƙirarta take, Alhaji." Alhaji ya sa yatsa ya ɗan taɓa murfin, don dai ya tabbatar. Murfin nan har yau yana cikin ruwan Kainji. Alhaji kuwa ƙullu ya wanke shi tun daga hula har takalmi. Mutane na salati, ni kuwa abin da ke gabana daban. Na ce, "Alhaji, don girman Allah kada ka wanke hular nan tukuna." Da cokali na kankare ta. Daga hular nan na sake tayar da uwa, ba ta ko yi fushi ba.

Uwa ba a saida ta, wannan ka'ida ce tun ta Gwaggo Tumba. Wadda ta roƙa a ɗibar mata. Abu guda ne a kanta: ranar da taki ta mutu, kina da ikon ki je ƙofarta ki ɗiba, ko da kun yi shekaru ba ku gaisa ba. Na ba mata da yawa a yawona, ban taɓa tunanin zan bi sawu ba.

Da gwiwa ta fara ƙin jirgi sai na zauna wuri guda, gindin wata ɗorawa a bakin ruwan Yelwa, inda jirage ke sauke kaya. Benci biyu, tanda, tukunyar romon tarwaɗa. Masu jirgi, 'yan dako, Gungawa masu albasa, Sarkawa masunta da sunka kwana kan ruwa, duk nan suke karyawa. A bakin ruwa ba wanda ke da takardar wuri. Wurinki naki ne muddin akwai mutane a bencinki. Ranar da benci ya wuni ba kowa, washegari za ki tarar da kwandon kifin wata a kai.

Sai shekarar ambaliya. Ruwa ya cinye shinkafar fadama, ya shigo unguwa da rana tsaka kamar an gayyace shi. Muna ta kwashe yara da katifu zuwa tudu, na ɗora tukunyar uwa can saman katangar madafa, na ce nan dai ruwa ba ya kaiwa. Bai kai ba kuwa. Katangar ce ta sauko ta same shi.

Da ruwa ya janye na tayar da sabuwa, yadda na gaya muku. Ta tashi, ta yi idanu, ta yi komai. Na soya na kai bakin ruwa. Ɗan'azumi mai albasa, wanda tun ina amarya yake cin masata, ya gutsura, ya tauna, ya dube ni.

"Hassi, wa ya soya wagga?"

"Ni mana."

"To wa ya rasu?"

Gaskiyarsa. Sabuwar uwa yarinya ce, tana da ƙarfi, ba ta da labari. Ga shinkafa ta yi tsada, ga wata matashiya ta kafa tanda a gindin bishiyar gaba, da yis ɗinta, masarta manya-manya kamar matashin kai. Da ɗanɗano nake riƙe da mutane, ɗanɗanon ya tafi. Benci guda ya fara wuni ba kowa. Wata mai kifi ta fara gaishe ni da fara'ar da ban saba gani ba, tana auna inuwar ɗorawata da ido.

Na ɗauki 'yar tukunya na bi sawu. Shanga na fara zuwa. Gwaggo Tumba ta riga mu gidan gaskiya, ɗiyanta kuwa sun koma yis, har sunka ba ni leda guda wai in gwada. Na wuce Wara, wadda na ba a can ta bar masa ta koma dafa wa yara taliya. Ina zaune a kasuwar Wara na rasa ta yi, sai na ga mata Kambari na sauke itace, na tuna Saratu. Saratu Bakambara ce, daga wani ƙauye kan duwatsu bayan Ngaski, man kaɗe take kawowa kasuwa. Shekarun baya ta roƙe ni uwa, ta ce tana son ta riƙa yi wa 'yan cocinsu masa da Kirsimeti da bikin godiyar kaka.

Kabu-kabu na hau, ya yi ta tsalle da ni kan duwatsu har na ji haƙorana na gaisawa da juna. Saratu na hango ni ta saki tsintsiya.

"Hassi 'yar ruwa! Mi ya fito da kifi tudu?"

"Ruwan ne ya kore ni, 'yar dutse. Uwata ta mutu. In ce taki na nan?"

"Tana nan, ta fi ki ƙiba. Zo."

Ta ja ni wani ɗaki a bayan gida. Tun daga ƙofa hancina ya gaya min inda na zo. Manyan tukwane ne jere, burukutu na ta tafasa yana ɓulɓul, don Saratu ita ke dafa na ƙauyen. Na tsaya ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Can a kusurwa, kan wani turmi da anka kife, ga 'yar tukunya da faifai a kai, ga ludayi rataye da jan zare.

"Ga baƙuwarki," in ji Saratu. "Musulma kinka ba ni, Musulma zan maida miki. Ludayinta daban, ƙwaryarta daban. Sai na wanke hannu nake taɓa ta. Ko maigidana, in ya sha, bai isa ya ɗaga faifan nan ba."

"To Saratu, duk ɗakunan gidan nan, sai wanga?"

"Ke kin san sanyin dutse? Na aje ta ɗakina ta yi kwance kamar gawa. Nan ne kaɗai wuta ba ta mutuwa." Ta yi dariya. "Azumi ne kawai ban sa ta ba, don na ga ba za ta iya ba."

Na ɗaga faifai na kai hanci. Jama'a, madafar Gwaggo Tumba ce ta taso min, har da ranƙwashin. Sai dai akwai wani abu a bayansa, ɗan ƙamshin dawa, don da garin dawa Saratu ke ciyar da ita, shinkafa ba ta hawa dutse kullum. Ta ɗibar min, ta ƙara min da curin man kaɗe, ta raka ni har bakin hanya tana cewa in gaida kifaye.

Abin da ban yi lissafi da shi ba, bakin ɗan kabu-kabu. Shi ya jira ni a ƙofar gidan, shi ya ga ɗakin da na shiga. Kafin in iso Yelwa labari ya riga ni, har ya yi 'ya'ya. Wai Hassi ta je ta ɗebo giya za ta zuba a masa. Na tarar da Malam Isa tsaye a ƙofar gida ya harɗe hannu.

"Abin da ya kwana ɗakin burukutu ba ya shiga gidana."

"Malam, ba kwana ta yi ba, shekaru ta yi."

"Kin ga kin ƙara ɓata maganar."

"Ai ba ta sha ba."

"Ke kina wurin?"

A zaure tukunyar ta zauna, kamar baƙon da ba a yarda da shi ba, ina fitowa ina ba ta gari. A bakin ruwa kuwa benci na biyu ma ya watse. Waɗanda ba su damu da tsami ba sun damu da abin da za a ce. Mai kifi har ta kawo kwandonta guda ta jingina da ɗorawa, wai ajiya. Na ga in ban kashe maganar nan ba, ita za ta kashe ni. Na ce wa Malam Isa mu je wurin Liman, abin da ya yanke na yarda. In ya ce a zubar, da hannuna zan zuba ta a ruwa.

Limamin unguwarmu tsoho ne mai sanyin magana, ba ya gaggawar komai sai sallar magariba. Ya saurari Malam Isa har ya gama, sannan ya juyo.

"Hassi, wani abu daga tukwanen can ya shiga wagga?"

"Saratu ta ce a'a, Malam."

"Saratun nan ta taɓa yi miki ƙarya?"

"Shekara da shekaru ina sayen man kaɗe hannunta, ban taɓa tarar da dutse a ciki ba."

"To. Tun da kike sana'ar nan, kin taɓa ganin wanda ya ci masa ya kasa gane hanyar gidansu?"

"Sai dai ya kasa tashi, Malam."

Malam Isa ya gyara zama. "Allah gafarta Malam, amma fa ɗaki guda. Shekaru."

"Malam Isa, jirginka wa yake ɗauka?"

"Kowa, Allah gafarta Malam."

"Ranar kasuwar Wara, mutanen tudu in za su koma, kana shinshina bakinsu kafin su zauna kan buhun albasarka?"

"A'a."

"Albasar kuma ka kawo muna mu ci."

Na ɗauka an gama. Sai Liman ya shafa gemu ya ce amma fa magana ta riga ta bazu, kuma abin da ya bazu a kasuwa ba a kashe shi a zaure. A kwaɓa ƙullu da uwar, gobe da hantsi a kawo tanda nan ƙofar gidansa, a soya kowa na gani.

Ban taɓa soya masa gaban taro irin wannan ba. Masu jirgi sun bar jirage, 'yan dako sun aje kaya, har matashiya mai yis ta zo ta tsaya daga baya-baya. Na shafa mai, na zuba, gefen ya fara ɗaurewa, na juya. Masar ta fito da ɗan ja-ja saboda dawar Saratu, cikinta kuwa ramuka kamar saƙar zuma. Ƙamshin ya bi layi. Na ji wani daga baya ya haɗiye yawu da ƙarfi har anka yi dariya.

Na zuba a kwano na aje gaban Liman. Ya yi bisimilla, ya gutsura. Ya tauna a hankali yana kallon sama. Ya cinye, ya ɗauki ta biyu. Ya ɗauki ta uku.

"Allah gafarta Malam, yaya?" in ji Malam Isa.

"Ban ji komai ba tukuna. Hassi, akwai romo?"

Anka kawo romo. Malam Isa, da tun safe bai karya ba, ya ga abin na neman ƙarewa, ya miƙa hannu a hankali wajen kwanon. Liman ya janye shi.

"Kai ne mai ƙara. Mai ƙara ba ya cin shaida."

Sai da Liman ya ga bayan kwanon, ya wanke hannu, ya yi hamdala, sannan ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Jama'a, masa ce. Babu komai cikinta sai alheri. Wanda ke da yunwa ya ci."

Ban koma da ko ludayi guda na ƙullu ba, in banda ta gobe da na riga na cire. Tun a nan sunka yi layi, washegari kuma sai da na roƙi mai kifi ta ɗauke kwandonta don mutane su sami wurin tsayawa.

Ina naɗe kayana Liman ya kira ni gefe, fuskar nan tasa ba alamar wasa. "Hassi, na yanke hukunci, amma irin wagga magana mai nauyi ba a rufe ta da gaggawa. Ki riƙa aiko da shaida kowace safiya, ana ci gaba da dubawa."

Har yau ana binciken. Kuma mai ƙarar ne ke kai kwanon.